Kwana Uku a Ikko da Takardar Malam

A teburin mai shayi maganar ta taso, inda yawancin maganganunmu suke tasowa su kuma mutu kafin a wanke kofuna. Auta ne ya ce shi bai yarda akwai ruwan da mutum zai tsaya a bakinsa ya rasa hango ɗaya gaɓar ba. Babban ruwan da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma ranar da aka ɗauke shi shata ya kai 'yan biki. Malam ya ɗauko waya zai nuna masa taswira, Auta ya ce ai ko aljanu ma ana nuna su a waya. Daga nan Tela, wanda ba ya yawan magana, ya ce yana da kawu a Agege, cikin Legas, da ya fi shekara talatin a can, kuma duk zuwan da zai yi gida sai ya ce masa ya zo ya ga gari.

Mu huɗu ne, babu wanda ya taɓa ƙetare kogin Kwara a cikinmu. Ni gyaran waya nake yi, iyakata Abuja. Auta direban adaidaita sahu ne. Malam kuwa ba ya koyarwa, kemis ɗin yayansa yake tsarewa, amma da yake ya yi NCE kuma ba ya rabuwa da biro a aljihun gaba, sunan ya bi shi.

Da a ce mun bar maganar a fatar baki, da har yau muna nan. Abin da ya tayar da ita shi ne adashe. Muka yanke kowa zai riƙa zuba dubu 25 duk wata har wata shida, a hannun Malam, saboda a cikinmu shi kaɗai ne ba a iya cin bashi a wurinsa. Ya sayi ƙaramin littafi ya ja layi huɗu. Sau biyu Auta yana zuwa da uzurin cewa injin babur ɗinsa ya buga a ba shi nasa, sau biyu Malam yana ce masa ya je ya dawo gobe. Da wata shida suka cika kowa yana da dubu 150.

Lokacin tafiya Kawu ne ya zaɓa mana ta waya. Ya ce kada mu kuskura mu zo a Disamba, kuɗin mota yana hawa kuma garin yana cika da masu bikin Kirsimeti. Ya ce kada mu zo da damina, don ruwan Legas ba ya sallama, kwata ta cika ta hau titi. Muka tsayar da ƙarshen Janairu na 2025, kafin azumi ya matso.

Jirgin sama ba a ma kawo shi a lissafi ba. Zaɓin da ke gabanmu biyu ne: doguwar bas irin wadda ake lodi a Sabon Gari, ko ƙaramar mota mai gudu. Tela ya so ƙaramar don a isa da wuri, ni na ƙi, domin na san gwiwoyina. Ranar Lahadi ni da Malam muka je muka yanki tikiti huɗu, muka zaɓi kujerun tsakiya, saboda an ce mana na baya suna kan taya kuma duk ramin da aka faɗa a ƙugunka zai sauka. Da muka lissafa zuwa da dawowa, kuɗin mota kaɗai ya ci fiye da rabin adashen. Malam ya rubuta wannan a littafinsa ya ja masa layi biyu a ƙasa.

Ranar Litinin aka ce mu zo ƙarfe ɗaya, ba mu tashi ba sai bayan la'asar. Kafin shiga an caje jakar kowa, an shafa jikinmu da na'ura, wani yaro ya bi layi yana ɗaukar fuskokinmu da waya. Ba wanda ya yi gardama, kowa ya san dalili. Daga Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna hanya lafiya lau, har Auta ya fara cewa ashe Legas ɗin ma nan kusa ce. Daga Kaduna zuwa Abuja ya yi shiru. Aikin hanya, ƙura, a karkata hannu ɗaya a koma ɗaya, ga dare ya yi, ga kowa ya san labaran da wannan hanya ta tara. Wata dattijuwa a gabanmu tana ta jan carbi, wani Inyamuri a gefe yana tasa addu'ar a hankali, kowa da inda ya kama.

Wajen ƙarfe biyu na dare Malam ya tashe ni, ya ce mun zo Jamata, ga gadar Murtala. Na manna fuska a gilashi. Kogin Kwara da na shekara ina jin sunansa, abin da na gani duhu ne kawai da ɗan hasken fitilar wani mai kwale-kwale. A Lokoja aka tsaya cin abinci, muka rama sallolinmu a gefen wani gidan mai. Gari ya waye mana bayan mun wuce Okene, kuma a nan ne na fara jin na bar gida. Ƙasa ja, itatuwan kwakwar manja, ayaba a bayan kowane gida, daji mai duhu har bakin kwalta. Abin da kakanninmu suke kira kurmi ke nan. Sanyin hunturun da muka baro a Kano babu shi, rigunan sanyinmu suka koma matashin kai. Taya ta fashe kafin Akure, muka yi awa biyu a bakin hanya. Badun muka ratsa da azahar, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka. La'asar ta yi mana a Berger, ƙofar Legas. Kusan awa 24 a zaune, a hanyar da ta ɗan haura kilomita dubu.

Ɗan Kawu ne ya tare mu, saurayi ɗan shekara sha tara, haifaffen can. Ya gaishe mu da Hausa mai kyau, ya juya ya yi wa kwandasta Yarbanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ya tura mu cikin danfo. Danfo ita ce bas ɗinsu ta haya, rawaya mai baƙin layi biyu, kujerun katako ne da ƙarfe, ƙofa a buɗe kwandasta yana lilo a jikinta.

Agege ta ba ni mamaki ta hanyar da ban shirya ba. Na zo ganin baƙon wuri, sai ga ni a layin da mai shayi yake fasa ƙwai, mai tsire yana hura wuta, ladan yana kiran magariba da irin muryar unguwarmu, mata suna sayar da tuwo da miyar kuka. Kawu ya ce goro ne ya fara kawo Hausawa nan tun zamanin da jirgin ƙasa yake ɗaukar huhu zuwa Arewa, har suna da Sarkin Hausawa. Gidan da yake haya ɗakuna ne a jere suna kallon juna, banɗaki na kowa da kowa. Ya ba mu ɗakin samarinsa, su suka koma shago.

Bayan isha'i, muna zaune a tabarma a ƙofar gida muna fifita, Malam ya zaro takardarsa. Wata biyu ya yi yana haɗa ta. Wuri goma sha ɗaya, kowanne da lokacin isa da lokacin tashi. Kawu ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya kai ƙasa, ya koma sama.

"Malam, da jirgi mai saukar ungulu kuka zo?"

"A'a Kawu, na duba a waya ne, duk ba su da nisa."

"To ai wayar ba ta taɓa shiga gosulo ba. Ka ga Badagry da ka sa da safe, tana can bakin iyakar Kwatano. Matatar Ɗangote da ka sa da yamma tana can ɗaya ƙarshen, bayan Lekki. Ko gwamna da jiniya ba zai haɗa su a yini ɗaya ba. A garin nan wuri biyu ake zuwa a rana. Wanda ya je uku ya kwana a hanya."

Ya karɓi biron Malam ya soke waɗannan biyun. Sannan ya ba mu karatu: ana sallame asuba ku fita. Waya a aljihun gaba, kada a riƙe ta kusa da taga. Ku tanadi canji, don kwandasta zai haɗa ka da wanda ba ka sani ba ya ba ku takarda ɗaya ya ce ku raba. In za ku sauka ku ce "owa" da ƙarfi. Wanda ya tare ku da labari a hanya kada ku tsaya. In an kira ku "aboki" kada ranku ya ɓaci, wani da raini yake faɗa, wani iyakar Hausar da ya iya ke nan, kuma ba ku da lokacin tantancewa. Malam ya ƙara mana da nasa: tunda ba mu yi niyyar kwana huɗu ba, kasaru za mu riƙa yi in ba mun bi liman mazauni ba.

Ranar Laraba ƙarfe shida muna titi, kuma mun tarar garin ya riga mu tashi. Mutane da jakunkuna suna gudu-gudu, yara 'yan makaranta suna gyangyaɗi a danfo. Muka sauka a Oshodi, inda aka gina manyan tashoshi uku da gadojin ƙafa a tsakaninsu. A nan ne muka yi abin da ya fi komai sauƙaƙa mana zirga-zirga, wato sayen katin Cowry. Manyan bas-bas na gwamnatin jiha da jirgin ƙasan cikin gari ba a biyan su da kuɗi a hannu. Za ka sayi katin a taga, ka ba da kuɗi a zuba maka a ciki, in za ka shiga ka ɗora shi a kan na'ura ta yi ƙara. Kowa muka saya masa nasa. Ka hau layi, bas ta zo, ka zauna, babu mai jan rigarka. Auta, wanda sana'arsa ke nan, ya daɗe yana kallon na'urar, ya ce da za a kawo wannan Kano da rigimar canji ta ƙare, da kuma rabin 'yan kamasho sun koma gona.

Bas ɗin Obalende ta bi ta gadar da suke kira Third Mainland. Tsawonta kilomita 11.8, an buɗe ta a 1990 zamanin Babangida, kuma kusan dukkanta a kan ruwa take. Auta ya miƙe tsaye yana cewa ga teku, ga teku. Wata mata da ke kusa ta yi dariya ta ce masa da Turancin buroka wannan ba teku ba ne, lagun ne, tekun yana gaba. Daga dama muka hango Makoko, unguwa guda a kan ruwa, gidajen katako a kan turaku, hayaƙi yana tashi, yara suna tuƙa kwale-kwale kamar yadda namu suke tuƙa keke. Can gaba kuma dogayen benaye na gilashi. Duka a taga ɗaya.

Daga Obalende da ƙafa muka taka zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe tun 1957. Muka biya kuɗin shiga, wani ma'aikaci ya zagaya da mu. Akwai kawunan yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, akwai tagullar Benin, akwai kayan dodanni iri-iri da Tela ya ƙi matsawa kusa da su. Na kalla, na yaba, amma gaskiya ba su muka zo gani ba.

Motar Janar Murtala Muhammad, tsohon shugaban ƙasa, tana wani ɗaki daban, an kewaye bangon da hotunan shugabannin ƙasa. Baƙar Marsandi ce, ba ta ma kai girman da nake zato ba. Ramukan harsashi a jikin ƙofa, a gilashi, wasu a jere kamar an yi su da ƙusa. Mu huɗu muka tsaya babu mai magana. Mu Kanawa ne, mun taso da sunan mutumin nan a bakinmu: asibitin Murtala, masallacin Murtala inda kabarinsa yake, titin Murtala. Kakata in tana so ta ce abu ya daɗe sai ta ce tun kafin a kashe Murtala. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa a cikin wani abu mai kujera da sitiyari aka kashe shi ba, wanda zan iya miƙa hannu in taɓa.

Malam ne ya ba da labarin, a hankali, ba da muryar da yake mana gyara a teburin shayi ba. Safiyar Juma'a ce, 13 ga Fabrairu 1976. Ya fito daga gidansa a Ikoyi zai tafi ofis a barikin Dodan, babu jiniya, babu jerin gwanon motocin rakiya, don shi ya ƙi wannan. Motar ta rage gudu a cunkoso kusa da sakatariyar tarayya, sojojin da ke tare da Laftanar Kanar Dimka suka buɗe mata wuta. Dogarinsa da direbansa ma sun rasu. Shekararsa 37, mulkinsa bai cika wata bakwai ba. Kwana goma kafin nan ya sanar da ƙasa cewa za a ɗauke babban birni daga Legas a kai Abuja, kuma cikin dalilan har da cunkoson garin. Sai a Disamban 1991 aka yi ƙauran.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gosulon. Daren jiya Kawu yake mana dariya a kansa, da safe mun ɗan ɗanɗana shi a hanyar Oshodi, yanzu ga shi a nan, shi ne ya tsayar da motar shugaban ƙasa har aka cim masa. Barikin da zai je ɗin nan ne kusa da Obalende inda muka sauka. Auta ya laluba aljihu ya zaro naira ashirin, ya kalli hoton, ya kalli motar. Ya ce shi kullum fasinja suna miƙo masa ita yana jin haushi don ba ta sayen komai. Muka yi wa mamatan addu'a muka fito.

Dandalin Tafawa Balewa yana nan kusa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a 1960. Manyan gumakan dawakai da mikiya a ƙofa, ciki kuwa siminti ne da rana. Minti goma suka ishe mu. Azahar muka yi a babban masallacin Legas da ke tsakiyar kasuwa, daga nan muka kutsa Balogun. Wanda ya saba da Kwari ba zai firgita ba, sai dai a nan ba a cewa gafara, kafaɗa ce take magana. Tela ya taya leshi a shago uku, ya ce wani ma ya fi araha a Kano, ya fito hannu rabbana.

A lissafin Kawu mun riga mun wuce ƙa'ida, ya kamata mu juya. Amma tashar Marina tana gabanmu, kuma jirgin lantarki yana cikin takarda. Wannan layin an fara jigila da shi a Satumban 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. Muka hau bene, muka ɗora kati, muka shiga. Sanyi, tsabta, babu hayaƙi. Ya bi ta saman ruwa, ya wuce babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, mai siffar hular soja, wanda aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na 1977, a cikinsa. A ƙasa muna hango motoci a tsaye cik, mu muna wucewa. Kafin mu gama ɗaukar hoto an ce an iso. Malam ya ciro takarda ya yi maki, yana murmushin wanda ya ci gardama.

Daga Mile 2 zuwa Oshodi muka biya bashin wannan murmushi. Hanyar ita ce take fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, tankoki da tireloli masu kwantena sun cinye hannu biyu. Mun shiga danfo biyar saura, magariba ta yi mana a ciki, isha'i ta yi mana a ciki. Gumi ya jiƙa mu har wando. 'Yan talla suna bin motoci da ruwan leda, da soyayyar ayaba, da cajar waya, har da tarkon ɓera. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu wanda ya damu. Matar da ke kusa da ni ta gyara ganyen miyarta tsaf a cinya, wani ya yi barcinsa har da minshari. Ƙarfe goma da rabi muka shiga gida. Kawu yana zaune a ƙofa da rediyo. Bai ce komai ba, yatsu kawai ya ɗaga mana yana tambayar guda nawa. Malam ya ɗaga biyar. Kawu ya ce, "Sannunku da kwana a hanya."

Ranar Alhamis muka bi doka. Karin kumallo a Agege: burodin nan nasu mai nauyi da laushi, da dafaffen wake da aka dame aka zuba masa baƙin yaji soyayye da manja, suna ce masa ewa agoyin. Tela ya sha ruwa leda uku. Daga nan sai Lekki, wurin adana namun daji da itatuwa da aka kafa a 1990, daji mai fadama kadada 78 a tsakiyar gidajen masu kuɗi. Ana tafiya a kan gadar katako cikin inuwa, birai suna bin mutane, ɗaya ya fizge biskit daga hannun Malam. Abin da ake zuwa dominsa shi ne gadar igiya da aka ɗaura a saman itatuwa, tsawonta mita 401, inda ta fi tsayi ta haura mita 20. Faɗinta na mutum ɗaya ne, raga a dama raga a hagu, kuma tana lilo da kowane taku. In ka hau babu komawa. Auta, mai kutsa adaidaita tsakanin tirela biyu a Kurna yana waƙa, ya kai tsakiya ya durƙusa ya riƙe igiya yana salati. Wasu 'yan mata 'yan makaranta a bayansa suna cewa "aboki, muf". Da rarrafe da lallashi muka ƙarasa da shi. Ya roƙe mu kada labarin ya je majalisa. Labarin ya riga mu isa.

Da la'asar muka isa bakin teku. Tsohon wurin da iyayenmu suke ba da labari, Bar Beach, babu shi yanzu, an cike shi da yashi ana gina sabon birni a kai. Wanda muka je a yankin Lekki yake, kuma kafin ka ga ruwan Allah sai ka biya a ƙofa. Bayan ƙofar wasu samari suka ce kujera ma kuɗi ce, inuwa ma kuɗi ce. Muka ce a tsaye za mu kalla.

Ƙarar ce take fara zuwa, tun kana bayan rumfuna, kamar ana sauke tifar yashi ba ƙaƙƙautawa. Sannan ka hau ɗan tudu ka gan shi. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba. Ruwan ba kwance yake ba, tasowa yake kamar bango ya taho ya faɗi ya ja baya ya sake tasowa, kuma babu wanda yake tura shi. Can inda ya haɗu da sama, jiragen ruwa ne a jere suna jiran layin shiga tasha, ƙanana kamar akwatin ashana. Ashe su ma suna gosulo.

Auta ya naɗe wando ya taka a hankali. Igiyar farko ta zo ta rufe masa idon sawu, da za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya yi baya da gudu. Ya sake komawa. Ya kamfata da hannu ya kai baki ya tofar. Ya tsaya ya sa hannu a goshi ya daɗe yana dubawa, gabas, kudu, yamma. Ya dawo ya ce, "Malam, na janye."

Malam bai yi masa dariya ba, hankalinsa yana wani wuri. Ya ce tun yana yaro a makarantar zaure aka karantar da shi cewa ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi, kuma mushensa halal ne. Ya haddace, ya ba da amsa, bai taɓa zaton hukuncin zai shafe shi ba. Ya tsuguna a inda ruwan yake ƙarewa ya yi alwala, mu ma muka yi. Gishirin yana yaji a ido, kuma in ya bushe sai ka ji fuska tana ɗaurewa. Wani mai doki da yake ɗora mutane suna hoto ya ji Hausarmu ya matso, ashe daga wajen Sakkwato yake. Shi ya nuna mana alƙibla, ya ara mana buhu muka shimfiɗa, muka yi raka'a biyu, kiɗa yana tashi daga rumfuna a bayanmu. Ya kuma gargaɗe mu kada mu wuce gwiwa, ya ce ruwan nan ko gwanin iyo ba ya raina shi. Kafin mu tafi Auta ya cika gorar roba, ya ce tsarabar kakarsa ce.

Ranar Juma'a da asuba Kawu ya tafi da mu Mile 12, inda yake harkar albasa. Manyan motoci daga Kano, Katsina, Sakkwato, Filato, kwandunan tumatir, buhunan attaruhu, 'yan dako suna gudu da kaya a ka, ciniki ana yi da Hausa da Yarbanci a cikin jimla ɗaya. Na ga lambar ƙaramar hukumar Kura a jikin wata mota na ji kamar na ga ɗan'uwa. Wannan yajin da ya sa Tela shan ruwa leda uku, wataƙila daga bayan gidansu ya zo.

Wuri ɗaya ne ni na sa a takardar da bakina: kasuwar waya ta Ikeja da ake kira Computer Village, inda yawancin kayan gyaran da nake saye a Kano suke bi su zo. Tana nan kusa da Agege, shi ya sa kullum ake cewa a bar ta sai ƙarshe. Daga Mile 12 muka kama hanya, muka maƙale a Ojota, lokacin Juma'a ya matso, motarmu ta komawa kuma da yamma za ta tashi. Na hango kwanar daga tagar danfo muka wuce. Har yanzu in na tuna sai na ji haushi, kuma Malam nake ɗora wa laifi duk da na san ba nasa ba ne.

Kawu ya haɗa mana tsaraba: burodi, garin kwaki, galan na manja, da goro ɗan kaɗan na mahaifiyar Tela. Muka kawo kuɗi za mu ba shi na ɗawainiya, ya ɓata rai ya ce ko mun ɗauke shi mai otal ne. Malam ya faki ido ya damƙa wa ɗansa.

Asabar da daddare muka sauka a Kano, hunturu ya tare mu, kowa yana laluben rigar sanyinsa a ƙasan jaka. Da Malam ya rufe littafi, abin da ya rage a asusu naira 3,400 ne, muka sha shayi da su washegari.

Gorar Auta ta iso lafiya, sai dai ta ɗan tsiyaya a kan burodi. Na raka shi kai wa kakarsa. Ta ɗaga gorar a hasken rana, ta girgiza, ta buɗe ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta yamutsa fuska ta ce, "Yanzu wannan kuka tafi nema har kwana biyar?" Ta rufe ta tura ƙarƙashin gado, ta ce a bar mata, za ta gwada shi a miyar kuka.